Ranar Da Benci Ya Tsallaka Titi

Surukata ce ta fara ba ni labarin nan, matar Autana. Tana bayarwa tana share hawayen dariya da bakin mayafi, har shayin da ta kawo mini ya huce a hannunta. Daga baya na ji ta bakin Bakanike, na ji ta bakin matar Tela, na kuma ji ta bakin shi gogan, amma nasa ban sa shi a lissafi ba. Ni na haife shi, na san inda yake ƙara gishiri.

Autana mai aski ne, 'yan layinsu na ce masa Wanzam. Shagon ubansa ya gada: kujera ɗaya mai juyawa, ƙaton madubi da ya cinye bango guda, da benci a bakin ƙofa. Bencin nan marigayi ubansu ne ya haɗa shi da hannunsa, da katakon ƙyauren ɗakin da muka fara zama ni da shi. Da yake ba kafinta ba ne, ƙafa ɗaya ta fito gajeriya, sai da ya nemo wani faffaɗan dutse ya tokare ta. A kan bencin nan mazan layin ke zama kowace yamma, su tsige shugabanni su naɗa wasu, su kashe auren da ba su suka ɗaura ba. Inda benci yake nan hira take, inda hira take kuma nan kawuna ke zuwa aski.

Yaron yana da hannu, wannan ba na hana shi. Aibinsa biyu ne. Na farko baki. Na biyu, ba ya iya ganin mutum ya leƙo shago ya juya. Ko mutum biyar ka tarar a zaune, zai ɗago kai ya ce, "Shigo, shigo, kai ne na gaba!" An sha samun benci cike da mutane, kowannensu na gaba ne, har sai an tashi an cakumi kwalar juna.

To, sai wani wasan waya ya shigo layin. Mai kantin magani na kan kwana ne ya kawo shi, wanda suke kira Likita don ya ji daɗi. Wai zamanin da ne, zamanin dawaki da takobi. Kowa sarki ne da ƙasarsa, da birane masu ganuwa, da hakimai a ƙarƙashinsa. Hakiman nan ba mutane ba ne, waya ce ke motsa su, amma surukata ta ce sun fi mutane riƙo. Kowane hakimi da ɗan layi a ƙasan hotonsa. In ka kyautata masa, layin ya yi kore. In ka ɓata masa, ya yi ja. In ya yi ja wur, to ka nemi takalminka. A tsakiyar taswirar akwai wani gari, Birnin Gada. Dokar wasan mai sauƙi ce, ni ma da ban yi nisa a boko ba na gane ta: wanda birnin ke hannunsa lokacin da aka kaɗa ƙararrawar rufe zango, ranar Asabar da yamma, shi ake sa wa kambi.

Su huɗu ke yi: Auta, da Likita, da Bakanike, wanda ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya, sai Tela, wanda shagonsa ke kallon na Auta daga tsallaken titi.

Tela da Bakanike suka yi ta gwabzawa a kan Birnin Gada har sojan kowannensu ya ƙare. Ana cikin haka, Auta ya ɗauki waya da yatsa mai kumfar sabulu zai duba wani abu daban, yatsa ya zame, rundunarsa ta bi hanya ta tarar da ƙofar birni a buɗe, ba ko kare. Tsuntsu daga sama gasasshe.

Da yamma ya fito bakin benci yana tafiyar ƙasaita.

"Na daɗe ina ƙulla wannan," in ji shi. "Na bar su ne su gaji. Dabarar manya kenan."

"Sabulu dai," in ji Tela, bai ko ɗago daga maɓallin da yake ɗinkawa ba.

Shi Tela mutum ne mai sanyin magana, irin ruwan da ke cin mutum. Ya kafa sabuwar rumfa a ƙofar shagonsa, tun daga nan idonsa ke kan bencin.

"Wanzam," ya ce, "rana na gasa mu a nan ɓangaren. Ga inuwa can tana asara."

"Ranar nan ta gasa ubana shekara da shekaru, bai narke ba."

"Ai shi ba ya yawan magana, iska na samun wurin wucewa."

Aka kwashe da dariya. Auta ya nuna Tela da mataji.

"Kai da ka kasa riƙe gada, benci za ka riƙe?"

"To mu yi haka," in ji Tela. "Wanda ya sa kambi ranar Asabar, benci ya kwana a ƙofarsa."

Nan ne mai hankali zai ce benci na gado ne, ba a sa shi a wasa. Auta kuwa ya ɗaga matajin da ke hannunsa sama kamar takobi.

"Likita, ka shaida! Bakanike, ka shaida!"

"Wa ya rasu?" in ji Bakanike.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta tsaya a kansa hannu a ƙugu.

"Baban yara, da gaske ne ka sa bencin Baba a caca?"

"Ba caca ba ce, mulki ne."

"Inna ta sani?"

"Za ta ji a cikin labarin nasara."

"To yanzu me ake so ka yi don ka ci?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ai birnin na hannuna. In zauna a ciki kawai har Asabar."

"Shi kenan? To zauna mana!"

"Ji ta! Sarki ne zai zauna kamar mai jiran mota? Ni kambi kaɗai bai ishe ni ba. Babban birnin Tela zan ci. Kafin Asabar ko garken awaki ba zan bar masa ba, sai ya zo nan yana neman aron fili ya shanya wando."

Ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Ci abincinka kada ya huce, mai girki ta gaji."

Washegari ya fara neman abokan ƙawance, kuma a kan kujerar aski ya neme su. Da Likita ya zo gyaran gemu, sai da ya bari kumfa ta rufe masa baki, aska na kan maƙogwaro, sannan ya sunkuya.

"Likita, ka tsare mini hanyar gabas. In na sa kambin wannan zangon, zango mai zuwa Birnin Gada naka ne. Kai ne na gaba."

Mutumin da aska ke wuyansa ba ya gardama. Likita ya lumshe ido alamar ya yarda.

Bai jima da fita ba Bakanike ya shigo, shi ma aka ba shi hanyar yamma, aka ba shi Birnin Gada, aka ce masa shi ne na gaba. Auta bai ga laifin haka ba. Birni ɗaya, kujera ɗaya, ai haka ya saba.

Har hakiman cikin waya ba su tsira ba. Akwai wani Hakimin Dutse, tsoho mai murtukakkiyar fuska, ya aiko yana roƙon a ba shi riƙon Birnin Gada. Auta ya danna to. Can Hakimin Teku ya aiko da irin wannan roƙon. Shi ma ya danna to, birni ya fita hannun tsohon ya koma na Teku. Layin tsohon ya tashi daga kore ya yi ja. Da ya aiko da ƙorafi, Auta ya ce, "Ni za a yi wa tsawa a gidana?" ya jefa shi kurkuku. Nan take layukan sauran hakimai duka suka yi rawaya. Auta na ganin haka ya sauya shawara. Ya fito da tsohon, ya ba shi alkyabba da doki, ya kuma naɗa shi mai tsaron ƙofar Birnin Gada.

Matarsa ta leƙa ta kan kafaɗarsa. "Wannan da ka ɗaure jiya, shi ka ba makullin gari?"

"Ba ki san mutane ba. A shago in na yanki mutum a kunne, hoda nake shafa masa in ce ya yi kyau. Wa ya taɓa ƙin dawowa?"

"Ga layinsa nan har yanzu ja."

"Kunya ce. Bai saba da alheri ba."

Sai maganar tafiya yaƙi. Hanyar garin Tela biyu ce, doguwa ta bakin kogi da gajeriya ta kan duwatsu. A cikin wasan kuwa lokacin sanyi ne, ƙanƙara ta rufe duwatsun. Likita ya ce masa ya jira. Auta ya ce mai aski ba ya zagaye, inda ya sa kilifar aski nan yake bi. Ya tura rabin dawakinsa kan dutse, ya ajiye waya a gefen madubi, ya ɗaura wa Mai Agogo ƙyalle. Mai Agogo dattijo ne mai gyaran agogo a maƙwabcin shago, gashinsa fari tas, abin alfaharinsa, taɓa kaɗan kawai yake zuwa a yi masa.

Kilifa na kan goshin dattijo, waya ta busa ƙaho. Auta ya juya ya ga dawakinsa na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Idonsa na kan waya, hannunsa kuwa bai tsaya ba. Kafin ya farga, ya share titi ɗoɗar daga goshi har ƙeya.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon madubi.

"Ɗana, mene ne wannan?"

"Baba, sabon yayi ne. Manyan mutane shi suke yi yanzu."

"Mota za ta bi ta nan ko keke?"

Tun ranar Mai Agogo bai sake cire hula ba, ko da zafi ya kai ina. Ya kuma ɗauki kujerarsa ya dasa a inda zai riƙa ganin cikin shagon aski, ya ce shi ba zai mutu ba sai ya ga ƙarshen wannan sarauta.

Ba a gama dariyar wannan ba, Auta ya hango wani birni a kusa da iyakarsa da tuta wadda bai gane ba. Ya manta shi da kansa ya sauya launin tutarsa har sau uku, wai ta farko ba ta da kwarjini, ta biyu ta yi kama da labulen Tela. Ya tura sauran dawakin, ya yi wa birnin zobe, ya kafa majaujawa yana ta jifa har ganuwa ta zube. Ya fito bakin benci yana buga ƙirji.

"Ku zo ku ga yadda ake cin gari! Ko kibiya ɗaya ba su iya harbo mini ba!"

Likita ya sa tabarau, ya karɓi wayar, ya duba, ya sake dubawa.

"Wanzam, ai ba za su harbe ka ba. Garinka ne. Nan rumbun hatsin sojanka yake."

Bakanike ya ce a maimaita masa, aka maimaita da ƙarfi, har matan da ke shanya a saman bene suka ji.

"Gwaji ne," in ji Auta. "Ƙarfin ganuwa nake gwadawa."

"To yaya ka same ta?" in ji Tela.

"Ba ta da ƙarfi."

Duk da wannan, Birnin Gada na hannunsa, ganuwarsa lafiya, rundunar da ke ciki ta fi ƙarfin Tela. Da ya jefa wayar a aljihun tebur ya kulle har Asabar, da yanzu benci na wurinsa. Amma dariyar da aka yi masa ta tsaya masa a wuya. Ya kwana biyu yana zagaye tsakar gida yana magana shi kaɗai, sannan ya tafa hannu ya ce ya samo dabarar da ba a taɓa yin irinta ba tun da aka fara yaƙi a duniya.

Ga dabarar. Ranar Asabar, daf da kaɗa ƙararrawa, zai gayyato su ukun aski kyauta. Zai jera su, ya lulluɓe kowa da dogon ƙyalle har gwiwa, hannu ya kasa fitowa. Zai aske wa kowa rabin kai, don kada wani ya tashi. Su suna ɗaure a ƙyalle, shi kuma ya kwashe rundunar Birnin Gada kaf ya afka wa garin Tela, ya cinye, ya dawo kafin a kaɗa.

Matsala ɗaya ce: ƙyallensa guda ne, gajere kuma. Tela kuwa ɗaya ne a layin.

Ya tsallaka titi yana fito, kamar wanda ba ruwansa.

"Tela, ƙyallen aski uku nake so. Dogaye, masu kauri. Yadda hannu ba zai iya fitowa ba."

Tela ya tsayar da keken ɗinki, ya dube shi ta saman tabarau. "Me hannu ya yi maka?"

"Gashi. Gashi na shiga farce."

"Allah sarki. Uku kuma? Ni da Likita da Bakanike?"

"Wa ya ce? Uku dai, haka nan."

"Yaushe kake so?"

"Kafin Asabar da yamma."

"Za ka samu," in ji Tela. "Zan sassauta musu wuya kaɗan, saboda zafi."

Auta ya dawo yana gaya wa matarsa cewa ya sa maƙiyi ya saƙa igiyar da za a ɗaure shi da ita.

Asabar ta zo. Tun da safe ya cire cajar kilifa daga soket ɗin shago, da ma guda ɗaya ne, ya maƙala waya, don kada sarki ya rasa wuta a tsakiyar yaƙi. Ya shelanta wa layi cewa yau za a ga naɗi. Da rana ta yi sanyi ya jawo benci cikin shago, ya kafa shi gaban madubi, ya bar dutsen a bakin ƙofa. Mutane suka taru a ƙofa da taga. Mai Agogo ya matso da kujerarsa, hula har gira. Surukata ta kawo abinci, ta ga taro, ta tsaya da kwano a hannu, shi ya sa na samu labarin daga tushe.

Su ukun suka jeru, benci na ɗan tangaɗi. Auta ya ce kowa ya sa waya a aljihu, gashi na toshe ta. Suka sa. Ya lulluɓe su, ya ɗaure, ya ja da baya yana kallonsu kamar buhuna uku da kawuna. Ya ɗauki kilifa, ya share wa Tela ɓangaren dama, Likita ɓangaren hagu, Bakanike kuwa daga gaba zuwa tsakiya.

"Kowa ya sunkuyar da kai! Kada wanda ya motsa!"

Suka sunkuya, ladabi kamar 'yan makaranta. Bai taɓa ganin masu zuwa aski da biyayya haka ba. Abin da bai lura ba, ƙyallen da ke hana hannu fita shi ne kuma ke hana a ga abin da hannu ke yi. Wuyan da Tela ya sassauta kuwa, daidai yadda mutum zai leƙa ya ga cinyarsa ne.

Kafin ya fara yaƙi ya ga ya kamata ya ƙara wa abokan ƙawance ƙarfin gwiwa. Ya raɗa wa Likita, "Ka riƙe gabas, kai ne na gaba." Likita ya gyaɗa kai. Ya matsa wurin Bakanike, tsautsayi ya kai shi mataccen kunnen.

"Ka riƙe yamma, kai ne na gaba."

"Na me?"

"Na gaba."

"A askin? Ai ka fara mini."

"A birni!"

"Ɗaga murya, Wanzam!"

"BIRNIN GADA! KAI NE NA GABA!"

Likita ya ɗago rabin kansa a hankali. "Wane Birnin Gada? Akwai biyu ne?"

"Sunkuya, Likita, gashi zai shiga idonka."

"Ni ka ce wa na gaba. Aska na wuyana ka faɗa."

"Me ya ce?" in ji Bakanike.

"Ya ce shi ma na gaba ne!" Mai Agogo ya amsa daga ƙofa, murya kamar ta saurayi.

"Ni dai har yanzu ba a ce mini komai ba," in ji Tela, kansa a ƙasa.

"Ai kai ma kai ne…" Auta ya fara, ya kama bakinsa da hannu. Taga ta ɗauki dariya.

"Za a daidaita, za a daidaita," ya ce. "Kowa zai samu. Ku sunkuya!"

Suka sake sunkuyawa, wannan karon da sauri. Auta ya cire waya daga caji, ya juya musu baya don kada su gani. Sai dai idonsa ya fara gajiya da abin kusa, ya kuma ƙi tabarau, wai na tsofaffi ne. Don haka ya miƙar da hannu can nesa, ya ɗaga wayar sama da kafaɗa wajen haske. Madubin ubansa kuwa, mai cinye bango guda, ya ɗauki fuskar wayar tsaf ya shimfiɗa ta a gaban mutum uku, da duk wanda ke ƙofa. Kowa ya ga runduna na fita daga Birnin Gada, layi guda kamar tururuwa, har na ƙarshe. Kowa ya ga an bar tsoho ɗaya a ƙofa, layinsa ja wur.

Ƙyallaye uku suka fara motsi a wajen cinya.

Can aka ji ƙaho daga ƙarƙashin Likita.

"Wace ƙara ce wannan?" in ji Auta, bai juyo ba.

"Cikina ne," in ji Likita.

Wani ƙahon ya tashi daga ƙarƙashin Bakanike, nasa da ƙarfi don ya ƙure murya.

"Nawa ma," in ji Bakanike, ba tare da an tambaye shi ba.

Auta bai kula ba, don rundunarsa ta hango ganuwar Tela. Ya ɗaga murya don mutanen ƙofa: "Jama'a, ku buɗe kunne, yanzu za ku ji faɗuwar babban icce!" Sai saƙo ya faɗo saman wayar da manyan baƙaƙe, irin girman da ya sa wa wayar da kansa. Matarsa ta karanta shi a madubi, a juye ma, kafin shi: Hakimin Dutse ya buɗe wa sojan Tela ƙofa.

'Yan tsirarun soja ne, surukata ta ce ba su fi a zuba su a motar haya ɗaya ba. Tsohon har rakiya ya yi musu zuwa fada, sanye da alkyabbar da aka ba shi.

"Butulu!" Auta ya yi ihu. "Na ba ka doki!"

Ya juya runduna ta dawo ta gabas, ya tarar Likita ya toshe hanya. Ya juya ta yamma, ya tarar Bakanike ya ƙone jiragen ƙetare kogi. Runduna ta tsaya a tsakiyar fili tana juyi kamar akuya a kasuwa. Ya juyo da fuska, ya ga kawuna uku a sunkuye, haske na fitowa daga wuyan kowane ƙyalle yana haska haɓa.

"Na ce a sa waya a aljihu!"

"Mun sa," in ji Tela. "Ba ka ce a bar ta a can ba."

Ƙararrawa ta kaɗa a wayoyi huɗu lokaci ɗaya. Tela ya zaro tasa daga ƙarƙashin ƙyalle ya ɗaga, kambi na walƙiya a kan sarkinsa.

Auta ya ajiye waya. Ya ɗauki kilifa, ya ce da murya ta mai mutunci, "To, a ƙarasa aski tukuna." Ya danna. Kilifa ta yi ɗan gurnani, ta ciji gashin Bakanike ta riƙe, ta mutu. Tun safe ba ta ga wuta ba.

Mai Agogo ya miƙe, ya cire hularsa a gaban jama'a karo na farko, ya ce, "Alhamdulillahi, na samu 'yan'uwa."

Su ukun suka tashi da ƙyallayensu har gwiwa da rabin kawunansu, suka kama benci. Auta ya yi tsalle ya haye kai ya zauna daram, ya riƙe katako da hannu biyu.

"Ba inda za shi! Sai dai ku ɗauke ni da shi!"

"Yau ka iya zama?" in ji matarsa. "Da ka yi wannan zaman tun farkon mako!"

Suka dubi juna, Bakanike ya tofa yawu a tafin hannu, suka ɗaga benci da mai benci. Haka aka fito da shi ta ƙofa sai da ya duƙa, aka tsayar da motoci, aka tsallaka titi da shi a sama, mata na leƙe daga bene, Mai Agogo a gaba yana share hanya da hula. Da Auta ya ga ba sauka, ya ga kuma duk layi shi yake kallo, sai ya gyara zama, ya saki hannu ɗaya, ya fara ɗaga wa mutane.

Da ya dawo gida abin da ya fara ce wa matarsa shi ne, "Kin dai gani da idonki. Wa aka ɗauka a kafaɗa, ni ko Tela?" Amma ta ce bai taɓa abincin ba, ya daɗe zaune yana kallon hoton ubansa, ya kuma roƙe ta kada ta gaya mini. Ita kuwa ko mayafi ba ta gyara ba ta taho.

Washegari da sassafe na ɗauki sandata na tafi layin. Dutsen na nan a ƙofar shagon aski, shi kaɗai. Na naɗe shi a mayafi na tsallaka titi da shi, ina hutawa. Na tarar da benci a ƙarƙashin rumfa yana rawa kamar haƙorin tsohuwa. Tela ya fito da hula har kunne, ya durƙusa.

"Inna, wallahi wasa ne, in kin ce a mayar…"

"Ba a mayarwa. Wanda ya sa kayan ubansa a baki, ya ɗanɗana. Ɗaga ƙafar nan."

Ya ɗaga, na tura dutsen inda mai shi ya saba sa shi, benci ya tsaya cak. Na zauna a tsakiya. Na aika a kira Likita da Bakanike da Mai Agogo, na sa kowa ya cire hula, na jera su bisa ga shekaru. Duk wanda ya zo wucewa da gashi a kai na nuna masa ƙarshen layi.

Can Auta ya buɗe shago, kilifa a hannu ta sha caji, ido ya kumbura. Ya hango bencin ubansa cike da kawuna suna jiransa daga tsallaken titi, ya hango ni a tsakiya. Fuskarsa ta washe. Wani mutum ya zo wucewa ta ƙofarsa, sai na ga ya ɗaga hannu ya buɗe baki.

"Shigo, kai ne…"

Na ɗaga masa sanda. Ya rufe bakin.

Na taɓa Mai Agogo a gwiwa na ce, "Tashi, Malam, ka tsallaka. In ya taɓa waya, ka yi mini tari."